Ɗigo da Haruffa Biyu

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Iska na bugun kwanon rufin ɗakin Ximena,
can ƙasa fitilun tashar jirage na rawa a kan ruwa.
Ta gama wata 'yar manhaja
mai gaya wa masunta lokacin da teku zai cika
da lokacin da zai janye ya bar duwatsu tsirara.

Wani yaro daga Temuco, Nahuel,
mai koyon sana'ar a tsohuwar kwamfutar yayarsa,
ya tambaye ta a dandalin sada zumunta:
wane fayil zan fara buɗewa?
Ta rubuta masa: marea.py
Haruffa biyar, ɗigo, haruffa biyu.
Ta kashe fitila.

Ashe dandalin na da ɗan aike,
ba ya barci, ba ya tambaya,
in ya ga ɗigo tsakanin kalmomi
sai ya ce, wannan adireshi ne.
Ya leƙa wutsiyar sunan, ya ce, ai Paraguay ke nan!
Ya kwashe abin da ke ciki,
ya cusa nasa gajeren mahaɗi,
haruffa a hargitse kamar wurin da kaza ta tona,
ya mayar da fatar sunan a sama, ya shafa mata shuɗi.
A ido, lafiya lau.

Nahuel ya kwafa, ya liƙa, ya latsa.
Kwamfuta ta ce babu.
Ya sake. Babu.

Kwana uku suna farautar kuskure
a gonar da ba ta da ciyawa.
Ta bi layi ɗari huɗu da yatsa,
ta zargi kanta, ta zargi tsohuwar kwamfutarsa,
kofi ya huce sau nawa a gefen madannai.
Shi kuwa ya fara rubuto mata a hankali:
wataƙila ni ne ban da kan wannan aiki.

Wannan maganar ce ta fi ci mata rai.

Ran na huɗu ta ce, turo min daidai abin da ka liƙa.
Ya turo.
Ta daɗe tana kallo.
Ba nata ba ne. Ba ta taɓa haifar wannan ba.

Wa ya aike ka?
Na ba ka suna, ka mayar min da hanya.
Na ce ga tulu, ka ce ga ƙofa.
Garin gyaran gira ka tsone ido,
kuma ko gafara ba ka iya cewa.

Sai ta shiga dabaru irin na mai ɓoye kaya ga ɓarawo:
ta raba sunan da tazara,
ta rubuta kalmar ɗigo a madadin ɗigon,
ta ɗauki hoton allo ta saka.
Eleuterio, abokin aikinta makaho,
ya ce na'urar da ke yi masa karatu
ta iso wurin ta ce: hoto. Ta yi shiru.

Da daddare ta koma tsofaffin bayananta,
shekara bakwai na mahaɗai gajeru
da wani kamfani ya taɓa ɗinka mata kyauta.
Kamfanin ya rufe bara.
Ta latsa na farko, bango.
Na biyu, bango.
Gidajen suna nan, wataƙila,
mai riƙon makullan ne ya mutu da su a aljihu.

Da safe ta kira Nahuel a waya.
Ɗauko biro, ta ce.
Ta karanta masa harafi bayan harafi,
ta tsaya a kan ɗigon kamar mai tsallake kwata.
Ta ji ƙarar madannai daga nesa,
sai numfashinsa,
sai ya ce: teku zai cika ƙarfe huɗu da kwata.

Ta leƙa taga.
Kwalekwale biyu sun riga sun fita.